Ranar da Muka Hau Don Sista Rifkatu

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bakin rumfar nan, wai gyaran babur wata uku ya ishi mutum ya koya, tunda yanzu aikin bai wuce a cire tsoho a saka sabo ba. A lokacin hannuna yana cikin giyar wani babur. Yau aiki ya yi sauƙi, ku jawo benci ku zauna. Ni Umaru a cikin garin Yola aka haife ni, a Jimeta na tsufa, kuma wannan gareji na Jambutu shi ne na uku da na zauna a cikinsa.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan wankin noti ne. Maigidana Bappa Sali, Allah ya jiƙansa, rumfarsa tana Gwadabawa. Sai ya kwance inji ɗungurungum ya zube a tsohon faranti, ya ba ni kalanzir da guntun buroshi, ya tafi masallaci. In ya dawo sai ya ɗauki noti ɗaya ya murza a yatsa. In ya ji ƙwayar yashi, duka zan sake. Na daɗe ban riƙe sifana ba sai dai in miƙa masa. A lokacin babu shagon da za ka shiga ka ce a ba ka kaza. Gasket da kwali muke yanka shi, a ɗora a bakin inji a bi shi da ƙaramar guduma har ya fita daidai. Kebur ɗin kuloci in ya tsinke, dalma muke narkawa a murfin gwangwani mu yi masa sabon kai. Wili in ya karkace, sifok, wato siraran ƙarafan cikinsa, ɗaya-ɗaya ake bi, ana juyawa ana sa alli. Bappa Sali ba ya duka, ba ya kuma yabo. In aikinka ya yi, sai ya ce da Fulatanci ka je ka ci abinci.

Babur ɗin da ya koya mini aiki na gaske na mace ne. Sunanta Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce daga kudancin jihar nan, kowa Sista yake ce mata. An tura ta ƙauyukan da ke bayan Mayo Belwa, kuma a hannun wani Bature likita da zai koma ƙasarsu ta sayi babur ɗin. Ɗan Ingila ne, baƙi, mai silinda ɗaya, nauyinsa kamar na ɗan bijimi. Giyarsa tana ƙafar dama, birki a hagu, akasin waɗanda kuka sani. In ba ka iya buga masa kik ba zai mayar maka da shi ya karya maka idon sawu. Na ga ƙattin maza sun yi ta fama da shi har gumi ya jiƙa su, ita kuwa sai ta ɗage zaninta, akwai wando a ciki, ta lallaɓa kik ɗin har ta ji inda ya yi tauri, ta sake shi kaɗan, ta taka sau ɗaya ya tashi. A bayansa take ɗaure akwatin allurar rigakafi da ƙanƙarar da ta saya a Jimeta. Ƙauyuka na kusa suna samu. Na nesa kuwa, sau da yawa kafin ta isa ƙanƙarar ta zama ruwa, dole ta zubar da allurar ta dawo hannu wofi.

Wata damina ta shigo mana da shi a bayan motar itace. Ta ƙetare wani mayo, wato rafi, ruwa ya shiga magineto, wuta ta ɗauke, ta tura shi da ƙafa har bakin titi. Farar rigarta duk jini ne ya bushe, ta karɓi haihuwa da safe kuma uwar ba ta tashi ba. Bappa Sali ya ce ta zauna, ta ce a tsaye za ta jira, akwai wata mai ciki a can da ba ta yarda da yanayinta ba. Ni aka ba magineton, abin da ke ba inji wuta. Na kwance shi, na shanya a kan garwashin mai shayi daga nesa-nesa, don in zafi ya yi yawa wayar ciki za ta ƙone, kuma babu irinsa daga nan har Kano. Na goge kwantak, inda wuta ke haɗuwa, da takardar yashi, na daidaita tazararsa da takardar sigari. Da na mayar, ta buga, ya tashi. Ta dube ni ta tambayi sunana. Daga ranar har ta bar aiki babu wanda ya ƙara taɓa mata inji sai ni, ko bayan na buɗe rumfata.

Shekarar da ta karya mu ita ce wadda aka hana hawan babur a cikin Yola da Jimeta, saboda tashin hankalin da ake ciki. Wasunku lokacin kuna firamare. An kwana titin nan cike da 'yan acaɓa, aka wayi gari sai ka ji kukan kaza daga tsallaken hanya. Wanda aka kama da babur an ƙwace. Masu shi suka riƙa lodawa a mota suna kaiwa Taraba da bakin iyakar Kamaru suna rabuwa da shi yadda ta kama. Masu koyon aiki a wurina suka watse, ban ga laifinsu ba. Bakanikan layinmu wasu suka koma gyaran keke mai ƙafa uku, wasu gadi, wani abokina da ya fi ni iya kabureta ya koma sayar da ruwa a kura, kuma a kan kurar ya faɗi bai tashi ba. Ni na koma janareta da injin niƙa. Inji inji ne, amma babu ran kowa a kan injin niƙa, sai hannu ya soma sakaci. Shi ya sa ko babu aiki nakan kwance wani tsohon wili in sake ɗaure shi.

A cikin wannan shekarar Sista ta kawo mini babur ɗinta a kan amalanke, an rufe shi da tabarma kamar gawa. Ta riga ta yi ritaya tana zaune a Alkalawa, ciwon suga ya soma cin ƙafarta. Ta ce in ajiye mata, a gida yara za su mayar da shi abin wasa. Na tsiyaye fetur, na zuba baƙin mai ta ramin fulogi, na ɗaga shi a kan katako. Ba ta ƙara hawansa ba. Bayan wasu shekaru ta rasu, na je jana'iza na tsaya daga bayan coci tare da sauran Musulmin da suka zo, kuma muna da yawa.

Shekara na zagayowa mutum biyu suka zo mini. Ɗaya 'yarta ce Hanatu, malamar makaranta. Ɗayan Malam Bulus ne, tsohon hedimasta, maƙwabcin Sista, wanda na yi shekaru ina gyara masa wani babur ɗan Japan shuɗi mai silinda biyu. Tunda aka yi dokar, a falonsa ya ajiye shi kusa da talabijin, duk Lahadi in an taso coci sai ya tayar da shi ya ji ƙararsa ya kashe. Shi ya kawo shawarar. Za a tara masu tsofaffin babura a yi hawa don tunawa da Sista, daga bayan gari har ƙauyen da ta fi daɗewa a cikinsa, duk wanda zai hau ko zai raka ya ba da abin da ya sawwaƙa, a sayi firji mai aiki da hasken rana a kai ɗakin shan maganin ƙauyen don ajiye allura. Sun nemo izinin hukuma, da sharaɗin ba za a tayar da inji ba sai an wuce Ngurore. Hanatu ta ce tana son babur ɗin mahaifiyarta ya je, kuma da ƙafarsa.

"Baba, ni ban iya ba. Kai za ka hau."

Na ce mata na yi shekaru ban yi doguwar tafiya ba, gwiwata ba ta da kirki. Malam Bulus ya yi dariya ya ce shi ya girme ni kuma shi zai ja gaba.

Tankin babur ɗin Sista na fara kwancewa. Tsatsa ta kama cikinsa, na zuba tsakuwa da kalanzir na yi ta girgizawa kwana da kwanaki har ruwan ya daina fita ja. Kabureta ta daskare da tsohon fetur kamar ƙaro. Taya ce ta ba ni wahala, girmanta ya ɓace a kasuwa, sai wani ɗan kasuwa mai zuwa Garwa ta Kamaru ya samo mini. Ranar da injin ya tashi, mai walda na can ƙarshen layi ya ajiye aikinsa ya zo, ya ce ya ɗauka mafarki yake yi.

Sauran baburan ma ni aka ɗora wa dubawa, na kuma ce duk wanda ban taɓa ba ba zai bi mu ba. Aka riƙa kawo su a kura da bayan keke, daga ɗakunan ajiya da kejin kaji. Biyu na hana, masu su suka yi fushi, ɗaya har yau ba ya gaishe ni. Na Malam Bulus ya fi kowanne lafiya, amma duk da haka na sake masa takalmin birki gaba da baya, da kebur, da boris ɗin wuya, da tayoyi. Yana zaune a bencin nan da kuke kai yana ba ni labarin ɗalibansa da suka zama manya suka manta da shi.

Farkon damina ne, ranar Asabar. Aka loda baburan a babbar mota aka sauke mu bayan Ngurore. Mun kai ashirin ko mun ɗara kaɗan, yawancinmu furfura: tsofaffin malamai, ma'aikatan asibiti, 'yan acaɓan da. An buga riguna masu hoton Sista, na ɗora tawa a kan kaftani. Fasto ya yi addu'a, wani Modibbo, malamin Musulunci da Sista ta taɓa karɓar haihuwar matarsa, shi ma ya yi. A-kori-kura mai ɗauke da firjin tana gaba, Hanatu a cikinta. Malam Bulus yana biye, sannan saura. Ni ne na ƙarshe da jakar kayan aiki, saboda bakanike a baya yake tafiya, ya tsinci wanda ya tsaya.

Kafin Mayo Belwa na tsaya sau uku: sarƙa ta zame, fulogi ya jiƙe, wani kuma ya manta bai buɗe fetur ba. Mutane suna fitowa bakin hanya suna ɗaga hannu. Babur ɗin Sista yana tafiya yana bugawa a hankali kamar ana daka a turmi, baƙin mai yana ɗiga mini a takalmi yadda ya saba.

Mun wuce Mayo Belwa da kaɗan abin ya faru. Ban gani da idona ba, ina baya. Na dai ga wata tifar yashi ta wuce ni a guje a hannun da ba nata ba, sannan na ga fitilun birki sun kama a gabana. Waɗanda suka gani sun ce tifar ta fito ne za ta wuce wata babbar mota, ta cinye hanyar duka. A-kori-kura ta samu ta kauce. Malam Bulus ya sauka daga kwalta don ya ba ta wuri, wurin kuwa ruwa ya zaizaye gefen titi ya bar gaɓa mai zurfi, a ƙarshenta akwai kan kwalbati. Tifar ba ta tsaya ba.

Na same shi a kwance a cikin ciyawa, hular kwanonsa tana kansa. Cinyarsa ta dama ta karye, ƙashi ya huda wando, jini yana fita ba da wasa ba. Wani tsohon ma'aikacin asibiti ya yaga rigar hoton ya ɗaure saman cinyar, ya murɗa da sifanata. Malam Bulus yana cikin hankalinsa. Ya tambayi tabaransa, aka tsinto masa, gilashi ɗaya ya fita. Ya ce mini yana jin warin fetur, in je in rufe masa famfo. Na je na rufe.

Motar da ke wurin ita ce a-kori-kurar nan kaɗai, firjin kuma ya cika bayanta. Hanatu ba ta yi shawara da kowa ba, ta ce a sauke. Muka kama firjin mu shida muka ajiye a gindin wata ɗorawa, aka shimfiɗa kwalaye da riguna, aka ɗora Malam Bulus. Masu sauran ƙarfi suka ce za su bi motar, ko za a nemi jini. Wasu tsofaffin suka zauna a ƙasa, suka ce sun gama hawa, motar da ta kawo mu za su jira. Babu wanda ya ga laifinsu. Kafin motar ta tashi Hanatu ta leƙo ta taga.

"Baba, mutanen can tun safe suke jira. Ka san hanyar."

Na san hanyar, Sista ta sha aiko mini in je in same ta in inji ya ƙi. Daga inda muke akwai jan ƙasa mai nisa da mayo guda a tsakani, kuma motar haya ba ta shiga sai ranar kasuwa. Hadari ya soma haɗuwa a gabas. In ruwa ya sauka mayon ya cika, sai a yi kwanaki ba a ƙetare ba, firjin kuma ba abin da za a bari a gindin bishiya ba ne. Mutum ɗaya ya ce zai bi ni, Hamma Adamu, tsohon ɗan acaɓa daga Yola, wanda ya yi shekaru yana dakon buhuna daga ƙauye.

Ɗaurin kaya a babur shi ma sana'a ce, kuma a ranar shi ne ogana. Firji ba a kwantar da shi, man cikinsa zai bi bututu ya lalata shi, dole a tsaye. Muka roƙi wani manomi sanduna biyu da guntun katako, muka gicciya a kan kariya, wurin ɗora kaya a bayan babur ɗin Sista, muka ɗaure da wayar birki. Muka yanka tsohon tib na taya muka yi igiya, don roba tana bin motsi, igiyar ƙirtani kuwa sakewa take yi. Na ƙara wa tayar baya iska, na ƙara wa sarƙa ɗan sako saboda nauyi zai ja ta. Da aka ɗora, gaban babur ɗin ya nemi ɗagawa. Hamma Adamu ya cika jakar kayan aikina da duwatsu ya rataya a kan fitila. Wurin zamana ya ragu, na koma kan tanki, gwiwoyina suna gogar inji.

Giya ɗaya na riƙa tafiya, wani lokaci biyu. Duk ramin da na shiga sai in ji firjin ya ja ni gefe kamar wani ya kama mini kafaɗa. Hamma Adamu yana bayana yana faɗa mini ta inda ya karkata. A wurin yashi sai ya jingine nasa ya riƙe mini kayan yana gudu a ƙasa, mu wuce, ya koma ya ɗauko. Kuloci ya yi zafi ya soma zamewa, na ji warinsa, muka tsaya ya huce alhali muna kallon hadari yana matsowa. Wannan tsayuwar ta fi tafiyar wuya. Amma in ka ƙone kuloci a dajin nan, ka gama. Salansa ta ƙona mini ƙwauri ta cikin wando, ban sani ba sai washegari.

Mun iso mayo iska ta fara tashi. Ruwan ya kai gwiwa, alamar an yi ruwa a kan duwatsu. Wasu makiyaya suna shayar da shanu, Hamma Adamu ya yi musu magana da Fulatanci. Da suka ji sunan Sista, babbansu ya ajiye sandarsa. Muka kwance ɗaurin nan duka, su huɗu suka ɗauki firjin a ka suka ƙetare. Na jira inji ya ɗan huce, na naɗe magineto da leda, na toshe salansa da tsumma, muka tura. A tsallake muka sake ɗauri daga farko, yayyafi yana dukanmu. Na buga kik bai tashi ba. Na sake, ya mayar mini, na ji har cikin ƙuguna. A na gaba ya kama. Ba mu yi nisa ba muka ji ƙugin ruwa yana saukowa a mayon a bayanmu.

Gab da magariba muka shiga ƙauyen. Sun kafa rumfar zana a gaban ɗakin shan magani, matan zumunta sun yi anko, an jera manyan tukwane na abincin mutum da yawa. Tun daga nesa suka ji ƙarar injin, tsofaffin cikinsu suka gane shi, aka soma guɗa da ganga. Da muka fito daga cikin gonaki suka ga mu biyu ne, jiƙe sharkaf, babu mota babu kowa a bayanmu, sai gangar ta riƙa raguwa har ta tsaya. Jauron ƙauyen, wato mai gari, ya tare ni tun ban sauka ba ya tambayi sauran. Na ce a fara sauke kayan. Da aka shigar da firjin aka ajiye shi a kusurwar da aka share masa, inda tuni aka kafa faifan hasken rana a rufi, na gaya wa ma'aikacin wurin kada ya kunna sai gobe, ya bar man ciki ya kwanta. Sannan na fito na faɗa musu abin da ya faru. Da yawansu sun san Malam Bulus, ya taɓa koyarwa a yankin. Faston ƙauyen ya ce a durƙusa, suka durƙusa a cikin taɓo. Ni da Hamma Adamu aka ba mu buta da tabarma. Abincin nan yara aka raba wa.

Wayar hannu ba ta kamawa a can sai an hau wani tudu bayan coci. Da safe na hau. Hanatu ta ce sun kai shi asibiti mafi kusa, an nemi jini, mahayanmu suka miƙa hannu, aka mayar da yawancinsu saboda tsufa da hawan jini. Ita da wasu mutum biyu aka ɗiba. Bai isa ba, aka ce a wuce da shi Yola. Ya cika a hanya, kusa da inda muka yi addu'a kafin mu hau. Ta tambaye ni firjin, na ce yana ciki. Ta ce to. Na sauko na tarar an kunna shi, mutane sun yi layi suna sa hannu a ciki suna jin sanyi. Sai da muka kwana uku kafin mayo ya ba mu hanya, ko jana'izar ban samu ba.

Babur ɗin Malam Bulus nan aka kawo shi. Ku saurara da kyau, don wannan ne ba a koya a wata uku. In mutum ya mutu a kan abin da ka gyara, ba ka jiran a tambaye ka. Na shimfiɗa tabarma na kwance shi ƙusa-ƙusa. Na duba kebur ɗin birki ko ya tsinke kafin faɗuwa, yana nan lafiya. Takalman birki sun kama daidai, har da shaidar ya taka da ƙarfi. Boris ɗin wuya bai sake ba. Notin wilin gaba yana ɗaure da fil ɗinsa. Tayar ta fashe ne a inda ta daki kankare, ba kafin nan ba. Na kira mai walda da wani tsohon bakanike daga Gwadabawa na ce su duba ba tare da sun ji kunyata ba. Su ma ba su samu komai ba.

Bayan an share makoki matarsa, Mama Saratu, ta zo ita kaɗai cikin baƙaƙen kaya. Ta ƙi zama. Ta tsaya a kan tabarmar tana kallon ƙarafan.

"Malam Umaru, mutane suna ta magana. Ni daga bakinka nake so in ji. Babur ɗin ne?"

Na ce ba shi ba ne. Na ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya ina nuna mata, ina faɗin aikin kowanne da yadda zai kasance in da shi ya ci amana. Ba ta san komai a kan inji ba, amma babu wanda ba ta karɓa ta juya a hannunta ba. Da muka gama ta ce to, ta ji. Sai ta ce in haɗa shi, tana so ta ba ma'aikacin ɗakin shan maganin nan, ta ji an ce da ƙafa yake yawon ƙauyuka.

Na nuna mata firam, wato ƙashin da komai yake hawa a kai. Ya lanƙwashe a wuya, kuma akwai tsaga siririya kamar gashi a ƙarƙashin fenti. Na ce ana iya gasa shi a miƙe, a yi walda, a shafa fenti, babu mai ganewa. Zai yi wata shida ko shekara, wata rana a kan gudu wuyan ya rabu. Injin da sauran kayan zan nema musu wani firam in haɗa wa ma'aikacin, amma wannan ba zan ɗora ɗan kowa a kai ba. Ta ce to a ba 'yan gwangwan. Na ce in na ba su shi a haka, kafin sati wani ya saye ya miƙe shi ya sayar a ƙauye.

Ta tambayi abin da za a yi. Na ɗauko zarton ƙarfe.

A nan ta jawo benci ta zauna. Na ɗaure firam ɗin a bais, wato matsin ƙarfe, na fara daga wuya. Ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba, ruwan zarto biyu ya karye mini. Tun bayan azahar nake yi har aka kira la'asar, ban tashi ba sai da na raba shi gida uku. Duk tsawon lokacin garin ƙarfe yana sauka a kan takalminta. Da guntu na ƙarshe ya faɗi ƙasa, ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta ce in gaida gida.